Man da ya sauya fata cikin kwana bakwai ba ganye ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana a kan abin da ya daɗe yana sosa mini rai. Ni tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, shekaruna 63. Na yi shekara 32 ina wanke miki, ina ɗaure gyambo, ina juya tsofaffin da suka daɗe a kwance don kada bayansu ya ƙwaile. Na taɓa fatar mutane da hannuna fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Yau kuma ga tawa fatar ta shiga sahun waɗanda nake jinya a da, don haka maganar da zan yi, ta aiki ce kuma ta jiki ce.

Malam Edita, ko'ina ka juya yanzu talla ce ta man gyaran fata na dattawan mata. A waya ne, a rediyo ne, har a shafukan jaridu. Kalmomin ba sa sauyawa: haɗin itatuwa ne zalla, babu sinadari ko ɗaya, yana goge tamoji, yana share baƙin tabo, cikin mako ɗaya za a ga canji. A liƙa hoton ganye kore shar a jikin robar, a sa hoton mace kafin da bayan shafawa. Ni ba maƙiyiyar ganye ba ce. Man kaɗe nake shafawa kullum, kuma zan faɗi dalili nan gaba. Abin da nake so mata sa'o'ina su riƙe shi ne wannan: babu wani ganye, saiwa ko ɓawon itace da ke haskaka fata ko ya shafe tamoji cikin kwana bakwai. Duk man da ya yi haka, akwai abin da aka zuba a ciki ba a faɗa miki ba.

A kan yayata na ga wannan da idona. Ta girme ni da shekara biyar, mace ce mai tsafta da son ƙamshi tun muna yara. Da ta haura sittin sai wasu baƙaƙen tabo suka fito mata a kumatu da goshi, bayan hannunta ya bushe yana ƙaiƙayi. Wata ƙawarta ta kawo mata mai a farar roba, babu suna, babu takarda, aka ce da man kaɗe da zuma da kurkur da wasu saiwoyi aka haɗa. Ba ta yi kwana goma tana shafawa ba ƙaiƙayin ya tafi, tabon ya dusashe, fuskarta ta yi wani irin sheƙi. Duk wanda ya gan ta sai ya ce, "Yaya, me kike shafawa ne haka?" Ni kaina na yaba. Na ce a raina ta dace da mai kyau. Wannan yabon da na yi har yau yana damuna, domin ni ce ya kamata in fara tambayar abin da ke cikin robar.

Bayan kamar wata takwas, wata rana da yamma muna zaune, ta miƙa hannu za ta ɗauko kofi, sai damtsenta ya gogi gefen tebur. Guga ce kawai, irin wadda ba ta isa a ce wash ba. Sai na ga fatar ta naɗe kamar jiƙaƙƙiyar takarda, ta tattare gefe guda, jini yana tsattsafowa a hankali. Na kama hannun na kai shi wajen haske. Fatar ta yi siriri har ana hango ƙananan jijiyoyi ja-ja kamar zare a ƙarƙashinta. Ga tabon kwanciyar jini nan da can, waɗanda ta ce ba ta san lokacin da ta bugu ba. Na ɗaga hannun rigarta, sai ga nankarwa mai faɗi, mai duhu, a hammata da damtse, ga macen da ta yi haihuwar ƙarshe shekara talatin da suka wuce. A tsakanin yatsunta kuma ga makero yana yaɗuwa shiru, ba ya ko ƙaiƙayi. Gabana ya faɗi, domin na san wannan hoton. Na sha ganinsa a asibiti a jikin waɗanda suka daɗe suna shafa maganin sitiroyid, wato maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, ba bisa ƙa'ida ba.

Na matsa sai da aka raka ni wurin mai haɗawa. Ba zan faɗi sunanta ba, ba kuma tona mata asiri ya kawo ni ba. Ta karɓe ni hannu biyu, ta nuna mini man kaɗenta, kuma mai kyau ne, ta nuna mini zuma da garin kurkur. A bayan ƙofa na hango wani kwano cike da matsattsun bututun magani, an yanke bakinsu da almakashi an kwashe har abin da ya maƙale a ciki. Na ɗauki ɗaya na karanta: kulobetasol. Na ce, "Baiwar Allah, wannan fa?" Ta ce, ba tare da wata fargaba ba, "Ai shi ne mai sa haɗin ya kama, Hajiya. Wadda ta koya mini haka ta ce a riƙa sa huɗu a kowace roba." Wallahi ba ta san abin da take riƙe da shi ba. A wurinta duk abin da ake shafawa mai ne. Wannan rashin sanin ya fi ba ni tsoro a kan mugunta, domin mugu ɗaya ne a cikin ɗari, marasa sani kuwa kowa yana koya wa wani.

Kulobetasol yana cikin mafiya ƙarfin magungunan sitiroyid da ake shafawa. Magani ne na gaske, yana da amfani ga wasu cututtukan fata masu tsanani, amma likita kan ba da shi na ɗan lokaci ne, galibi kada ya wuce mako biyu a jere, kuma ba a so a kai shi fuska. Aikinsa shi ne ya kwantar da kumburi, ya tsuke ƙananan jijiyoyin jini, shi ya sa ƙaiƙayi ke tafiya nan take fata ta yi haske. Idan aka daɗe a kansa sai ya hana fata gina kanta, ta yi siriri, ta rasa ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta. In ana shafe jiki duka da shi wata da watanni, yana ratsawa ya shiga jini, ya iya tayar da suga da hawan jini. Kuma ranar da aka daina shi farat ɗaya, fuska ta ɗauki zafi da ƙuraje, sai mace ta ce ai fatarta ba ta son komai sai wannan man, ta koma ta sayo wani. Wannan dabara ta ɓoye magani a cikin man ganye ba ta wata ƙasa ɗaya ba ce. A 1999 wasu likitoci a Landan suka auna mayukan ganye 11 da marasa lafiyarsu suka karɓo daga masu maganin gargajiyar Sin, suka tarar 8 daga ciki ɗauke da sitiroyid mai suna dekzametason, ba tare da masu shafawa sun sani ba.

Akwai wasu biyu da ake ɓoyewa. Na farko zaiba, wadda ake kira makuri. Tana hana fata yin launinta, shi ya sa take haskakawa, amma tana taruwa a jiki ta lalata ƙoda da jijiyoyi, ta jawo rawar hannu da mantuwa, abubuwan da in sun sami dattijuwa sai a ce ai tsufa ne. Ba mai shafawa kaɗai take kamawa ba, har jikan da ake goyo da wanda ake haɗa tawul da shi. Saboda irin wannan haɗari ne ƙasashen duniya suka rattaba hannu a Yarjejeniyar Minamata a 2013, wadda aka sa wa sunan garin nan na Japan inda zaiba ta nakasa mutane masu yawa, kuma a 2023 aka amince a hana sa ta cikin mayukan haskaka fata gaba ɗaya. Na biyu haidirokwinon, wanda Tarayyar Turai ta haramta a mayukan haskaka fata tun 2001. Wanda ya daɗe yana shafa shi, maimakon haske sai wani baƙi mai ratsin shuɗi ya kwanta masa a kan ƙashin kumatu, kuma da wuya ya goge. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Me ya sa na ware dattawan mata, alhali 'yan mata ma suna shafawa? Domin fatarmu ba ta da rarar da tasu take da ita. Yawancin mata al'ada kan ɗauke musu tsakanin shekara 45 zuwa 55. Daga nan sinadarin istirojin ya ja baya, shi ne kuwa ke taimaka wa fata ta riƙe ruwa da maiƙo da kauri. Likitocin fata sun ƙiyasta cewa a shekara biyar na farko bayan ɗaukewar al'ada mace kan rasa kusan kashi 30 cikin 100 na kolajin, wato zaren da ke riƙe fata ta tsaya da ƙarfinta, daga nan kuma ya ci gaba da raguwa kamar kashi 2 a kowace shekara. Maiƙon da jiki ke fitarwa da kansa ya ragu. Sabuwar fata da kan maye tsohuwa cikin kusan wata ɗaya a ƙuruciya, yanzu sai ta ɗauki fiye da haka. Yankan da zai warke wa jikata cikin kwana huɗu, ni sai ya yi mini mako biyu, ya kuma bar tabo. To fatar da ta riga ta fara siriri da kanta, a zo a ɗora mata maganin da aikinsa ke nan ya ƙara sirantar da ita, ina za ta kai?

Ko man da aka rubuta wa "mai kolajin" kada ya ruɗe ki. Ƙwayar kolajin ta yi girman da ba za ta iya ratsa fata ta shiga ciki ba. A sama take zama, ta ba da ɗan laushi na wuni ɗaya, a wanke ta da ruwa.

Ba a cikin robar masu talla kaɗai haɗari yake ba. Wani a hannunmu yake, muna ɗaukarsa lafiyayye don mun san bishiyarsa. Ni ma na taɓa faɗawa. Shekara shida da suka wuce ɗigo-ɗigon baƙi suka fara fito mini a bayan hannu. Na ji ana cewa lemon tsami yana goge su. Na yanka ɗaya da safe, na goga a bayan hannuwana biyu, na bar shi ya bushe, na fita shanya a rana. Washegari da dare hannun ya ɗauki raɗaɗi kamar na taɓa murfin tukunya mai zafi. Kwana biyu sai ga bororo cike da ruwa. Da suka fashe suka warke, sai suka bar baƙin tabo mai siffar yadda ruwan lemon ya gangara, har da layin da ya bi ta tsintsiyar hannu. Wata bakwai ina ɗauke da shi. Dalilin kuwa sananne ne a likitance: lemon tsami, musamman ɓawonsa, yana da wani sinadari da in ya haɗu da hasken rana a kan fata sai ya ƙona ta. Ga kuma tsaminsa. A ma'aunin tsami da kanwa, wanda ake kira pH, lafiyayyar fata tana wajen 5 ne, ruwan lemon kuwa yana wajen 2, kuma kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne. Ki lissafa da kanki.

Haka na ga ƙunar ɗanyar tafarnuwa da aka daka aka ɗaure a kan tabo aka kwana da ita, da safe fata ta saɓule. Na ga wadda kirfa da man kanumfari suka kumbura wa fuska. Na ga masu dirje fuska da gishiri ko sukari ko garin ɓawo wai don a cire matacciyar fata. Yarinya 'yar ashirin za ta iya jure wannan, ko da yake ita ma ba ya yi mata amfani. Mu kuwa, dirza tana buɗe ƙananan tsaga da ido ba ya gani, kuma baƙar fata tana da hali guda: duk inda aka ɓata mata rai sai ta mayar da martani da ƙarin baƙi. Shi ya sa mai goge tabo da ƙarfi kullum tabonta ƙaruwa yake. Mai rina furfura ma ta kula. Lalle na asali ja yake bayarwa. Wanda ke yin baƙi wuluk cikin 'yan mintuna galibi an haɗa shi da sinadarin rini da ake taƙaita sunansa da PPD, wanda kan sa goshi da fatar ido su kumbura, kuma in jiki ya ƙi shi sau ɗaya ya ƙi shi ke nan har abada.

To me tsiro ke iya yi wa fatar dattijuwa da gaske? Yana iya yin abu ɗaya babba: ya taimaka mata ta riƙe ruwanta. Kada a raina wannan. Mafi yawan ƙaiƙayi da gautsi da furfurar ƙafa da ke damun mu daga bushewa suke, kuma fatar da ta sha ruwa tamojinta ba sa fitowa sosai. A nan man kaɗe ya yi fice, domin maiƙonsa yana narkewa da ɗumin jiki, ya shimfiɗu ya toshe hanyar da danshi ke tsere wa fata. Ga yadda nake yi. Da na fito wanka ba na goge jikina ƙarƙaf, dannawa kawai nake yi da tawul in bar ɗan laima. Sai in lakato kamar girman kan babban yatsa, in sa a tafin hannu, in murza har ƙullutun ya narke ya zama ruwa mai ɗumi, babu sauran tsaki-tsaki. In fara daga ƙwauri, inda ya fi bushewa, in hau gwiwa, in zo gwiwar hannu da bayan hannu, abin da ya rage a tafin in dafa shi a wuya da fuska. Duk wannan kafin minti uku da fitowa daga ruwa. Mai ba ya kawo ruwa, tsare wanda ya tarar yake yi. In kin bari jiki ya bushe ƙamas sannan kika shafa, kin rufe ƙofa ne bayan ruwan ya fice. Da dare in ƙara wa dunduniya, in sa safa. Fason da nake fama da shi duk lokacin sanyi, da wannan ya rufe, amma sai da ya ɗauki mako uku.

Man kwakwa ma yana yi. A 2004 wasu likitoci a Filifin suka gwada shi a kan masu bushewar fata, suka ga aikinsa ya yi daidai da na man ma'adini da asibitoci suka saba bayarwa. Sai dai mai yawan ƙuraje ta bar shi a jiki, kada ta kai fuska, don yana toshe ƙofofin gashi. Wanda ya ba ni mamaki shi ne man zaitun, wanda na daɗe ina ganin babu kamarsa. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Shefil ta Ingila, aka wallafa a 2013, an sa manya suna shafa shi a hannu kullum na mako huɗu, sai aka ga ya raunana shingen saman fata har ya sa wa wasu ja, alhali man irin sanfulawa bai yi haka ba, ya ma ƙara danshi. Ba ina cewa man zaitun guba ba ne. Ina cewa wadda fatarta ta riga ta yi gautsi ko take da ƙaiƙayi kada ta mai da shi man shafawarta na kullum. Kowane mai da halinsa, kuma albarkar abu a wani wuri ba ta nufin ya dace da kowane wuri.

Alobera tana sanyaya fatar da rana ta dafa. Farin majinar da ke tsakiyar ganyen ake so. Ruwan ɗorawar nan mai ɗaci da ke fita da zarar an yanka, a jingine ganyen ya tsiyaye tukuna a wanke, don yana sa ƙaiƙayi. Zuma tana jan danshi, ana iya shafa ta siriri a fuska na minti goma a wanke. Amma a kan buɗaɗɗen miki, musamman ƙafar mai ciwon suga, zumar da asibiti ke sawa tatacciya ce da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, ba a kwatanta ta da ta kwalbar gida. Sannan duk haɗin da ruwa ya shiga, ko ɗanyen ganye, ko madara, abinci ne ga ƙwayoyin cuta. A haɗa na yau a ƙarar yau. Na sha buɗe robar haɗi a gidajen 'yan'uwa in tarar da fumfuna a murfi, ana ta lakata ana kai wa kusa da ido. Man da warinsa ya juya shi ma a zubar.

Kowane sabon abu, ko daga bishiyar tsakar gidanki ya fito, ki fara gwada shi a cikin damtse, wurin da bai fi girman kwabo ba, safe da yamma har mako guda. In ya yi ja, ya yi zafi ko ƙaiƙayi, jikinki ya ba ki amsa. Kuma abu ɗaya za ki gwada a lokaci guda. In kin haɗa bakwai fata ta tashi, wa za ki kama?

Rabin gyaran ma ba a shafawa yake ba, a abin da aka daina yake. Ruwa mai zafi sosai yana narkar da ɗan maiƙon da ya rage mana, mai ɗumi ya isa, kuma wankan kada ya wuce minti goma. Sabulu na yau da kullum, har da baƙin sabulun da ake yi da toka, yana wajen 9 zuwa 10 a wancan ma'aunin, ya yi nesa da 5 ɗin fata. Ba sai an cuɗe ko'ina da shi kullum ba. Hammata, matsematsi da ƙafa su ne masu bukata, ƙwauri da damtse ruwa ya wadatar da su mafi yawan kwanaki. Soso mai kaushi na ajiye shi tun da na cika hamsin da biyar. Sai rana. Ana cewa baƙar fata ba ta jin rana, amma ita ce ke ƙara duhun tabon kumatu da goshi, ita ce kuma ke cinye kolajin ɗin da ya rage. Babu man tsiro da ke tare ta yadda ya kamata, ko kaɗe ko kwakwa. Inuwa, lema, tufa mai rufe hannu, da man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama ga wadda ta samu, su ne maganin.

Akwai kuma inda mai ba shi da hurumi ko kaɗan, kuma a nan ne na fi jin ciwo, saboda na ga waɗanda aka kawo mana a makare. Mikin da ya yi wata guda bai rufe ba. Baƙin tabo a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce da ke faɗaɗa ko sauya kama, domin sankarar fata a jikin baƙar fata a waɗannan wurare ta fi ɓuya. Ƙaiƙayin jiki duka ba tare da ƙurji ko ɗaya ba, wanda kan iya zama saƙo daga hanta, ƙoda, maƙoƙo ko ƙarancin jini. Tsaga a ƙafar mai ciwon suga, ko da ba ta zafi, musamman ma in ba ta zafi. Fatar nono da ta tattare ko kan nonon da ya riƙa ɓarewa a gefe ɗaya. Duk wanda ya ce miki yana da ganyen shafawa na waɗannan, lokacinki yake ci, kuma lokacin nan shi ne abin da likita ya fi bukata daga gare ki.

Roƙona gare ka, Malam Edita, da sauran masu gidajen yaɗa labarai: kafin ku karɓi tallar man shafawa, ku nemi a nuna muku sunan duk abin da ke ciki a rubuce, da shaidar hukumar da ke kula da magunguna, da adireshin mai yi. Wanda ya ce sirrin gida ne ba ya faɗa, ku mayar masa da tallarsa. Mata suna ganin abu a jaridarku su ce ai da ba shi da kyau da ba a buga ba, wannan amana ce a wuyanku. Ku ba likitocin fata fili ko sau ɗaya a wata su amsa tambayoyin mata da harshen da za su gane. Masu haɗa mai da hannunsu kuma, da yawansu mata ne masu neman halak ɗinsu, a tara su a koya musu bambancin mai da magani. Ita waccan da na je wurinta, da na zaunar da ita na nuna mata hoton hannun Yaya, kuka ta yi. 'Ya'ya da jikoki, ku ma ku duba abin da ke kan madubin iyayenku mata. Ku ɗauki robar ku juya ta. In babu rubutu, ku tambaya cikin ladabi daga ina ta fito.

Wadda kuma ta gane kanta a labarin yayata, don Allah kada ta jefar da robar yau ta zauna a gida. Ta ɗauke ta ta kai wa likita, domin janyewa a hankali ake yi. Yaya sai da aka sauko da ita zuwa mai sauƙin ƙarfi, aka riƙa tsallake kwanaki, aka yi maganin makeron dabam. Wata biyu na farko sun yi mata tsanani, fuskarta ta yi zafi ta yi duhu fiye da da, ta daina son fita. Yanzu shekara ɗaya da rabi ke nan. Launinta ya dawo, kwanciyar jinin ta ragu sosai, nankarwar dai likita ya ce ta zauna ke nan. Tabon kumatunta da ya fara kai ta ga robar yana nan, ya ɗan dusashe tun da ta fara yawo da lema. Duk ranar da na je, bayan ta yi wanka, nakan narka man kaɗe a tafina in shafa mata a bayanta inda hannunta ba ya kaiwa, a hankali, don har yanzu ina jin sirantar fatar a ƙarƙashin yatsuna.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Taku mai karatu a kullum,
Tsohuwar ma'aikaciyar jinya